Wuƙar fiɗa daga sifirin ɗin mota: yadda ta farko ta tsage, ta biyu ta tsira

Ƙarar ba ta fi ta tsinken ashana in an karya shi ba. Ƙis! Can kuma wata, ƙis! Ina riƙe da awartaki, ruwan wuƙar na nutse cikin bokiti, tururi na tashi, a tafin hannuna na fara jin abin kafin kunnena ya tabbatar. Da na ɗago ta na goge baƙin da ya lulluɓe ta, sai ga tsaga uku sirara kamar silin gashi, sun taso daga baki sun doshi baya. Aikin Asabar huɗu ke nan ya salwanta.

Ni ban gaji ƙira ba. Aikin ofis nake yi, ƙira sha'awa ce da ta kama ni da girma, ina koyo ta kallon bidiyo a intanet da leƙen wani dattijon maƙeri a bayan unguwarmu da muke kira Baba, wanda ya yarje mini in riƙa amfani da wutarsa ranar Asabar in aikinsa ya yi sauƙi. Abin da zan baje a nan labarin wuƙa ɗaya ce da aka yi sau biyu, domin wanda ke shirin gwadawa ya ga inda ƙafata ta zame da kuma dalili.

Abin da na nufa wuƙar fiɗa ce ta Babbar Sallah, irin wadda ba a naɗewa, mai ƙota da kube. Tsawon ruwanta santimita 13, mai ciki, wato bakin ya ɗan yi gwiwa wajen tsini don ya riƙa bin fata ba tare da ya huda ta ba. Na so ƙarfen ya zarce har ƙarshen ƙota da faɗinsa, a manna masa itace ta gefe biyu a ɗaure da ƙusoshi. Wuƙaƙen kasuwa galibi siririyar wutsiya ake yi musu a cusa cikin itace, shi ya sa in an jima sai ka ji ƙota tana girgiɗi.

Wajen 'yan gwangwan na samo fallen sifirin ɗin tsohuwar mota, mai kaurin kusan milimita 7. Maƙera a ko'ina suna son wannan ƙarfe, kuma da dalili. Yawancin sifirin ana yin sa ne da ƙarfen da Amurkawa ke kira 5160, ko ɗan'uwansa SUP9 da ake samu a motocin Japan. Kabon ɗin da ke cikinsa wajen kashi 0.6 cikin 100 ne, da kuromiyam ƙasa kaɗan da kashi 1. Kabon shi ke sa ƙarfe ya iya yin tauri in an gasa shi an sanyaya da sauri. Rodin gini da ƙarfen ƙofa ba su da isasshe, ko sau goma ka tsoma su ba za su riƙe kaifi ba. Maƙeran Nefal da sifirin suke ƙera shahararriyar wuƙarsu mai lanƙwasa, kukuri. A Amurka kuwa, ƙungiyar maƙeran wuƙa da Bil Moran da abokansa suka kafa a 1976 tana da jarrabawa ga mai neman shaidar ƙwarewa: wuƙarsa ta datse igiya mai kaurin inci 1 tana reto da sara guda, ta sare katako gida biyu har sau biyu, bayan nan ta aske gashin hannu, sannan a matse ta a lanƙwasa har digiri 90 ba ta karye ba. Da yawa daga masu shiga wannan jarrabawa 5160 suke zaɓa, saboda juriyarsa. Ƙarfen da na ɗauko ba shi da laifi ke nan.

Zagayen farko

Ƙirar kanta ta tafi lafiya, ba zan daɗe a kai ba. Na yanko guntu da injin yanka, muka sa a wutar gawayin ƙirya, yaron Baba yana kan zuga-zugi, na miƙar da lanƙwasar sifirin ɗin a kan uwar maƙera, na fitar da tsini, na daddaki baki har ya yi sirara. Na binne ta a toka mai zafi ta kwana don ta yi laushi, magagari ya kama ta, na huda ramuka uku na ƙusa. Asabar biyu na yi ina gurza da magagari. Na zaƙe a nan, domin na gurji bakin har ya kusa yanka, a tunanina na rage wa kaina wahalar wasawa daga baya.

Ranar tsomawa Baba ya tafi ɗaurin aure. Ƙarfe ɗaya na rana ne, hasken bazara ya cika rumfar. Na sha ganin yadda yake tsoma gatari da lauje a ruwa, don haka na ɗebo ruwan randa mai sanyi a bokiti, na sa wuƙar a wuta, na ce wa yaron ya zuga. Na jira har na ga ta yi ja sosai a idona, na zaro, na nutsa ta gaba ɗaya, na riƙe ta a ciki har ta huce. Sauran kun ji.

Da Baba ya dawo bayan la'asar na miƙa masa ita ban ce komai ba. Ya juya ta, ya kai ta wajen haske, ya ɗora rabinta a gefen uwar maƙera ya ƙwanƙwasa da masaba sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ta ɓalle kamar tangaran. Ya ɗauki guntun ya nuna mini wurin karayar.

"Malam, duba nan. Me ka gani?"

"Kamar ƙwayoyin sukari, Baba, suna ƙyalli."

"To ka ƙona ta. Ƙarfen da ya sha wuta daidai, in ka karya shi cikinsa lumui yake kamar toka. Da rana tsaka ka yi, ko?"

Na ce e.

"Kuma ka bar ta a ruwa har ta mutu. Ka taɓa ganin na yi haka?"

Na buɗe baki zan ce na gani, sai na tsaya, domin gaskiya ban taɓa gani ba. Abin da idona ya kama shi ne ƙarfe ya shiga ruwa ya yi cuu. Abin da hannunsa yake yi a cikin waɗannan daƙiƙoƙi ban lura da shi ba sam.

Abin da karayar ta nuna

Mako biyu na yi da guntayen a aljihun tebur, ina ciro su ina dubawa, ina haɗa maganar Baba da abin da masana ƙarfe suka rubuta. Sai na tarar hanya ɗaya suke bi, shi da ido su da lissafi.

Na fara da zafi. Ƙarfe irin wannan yana bukatar kusan digiri 830 a ma'aunin Selshiyos kafin a tsoma shi. A wannan zafin kabon ya narke ya bazu cikin jikin ƙarfen, in aka sanyaya shi farat ɗaya sai ya rasa damar komawa mazauninsa, ya maƙale, ƙarfen ya ɗaure ya yi tauri. In aka zarce wannan zafi da nisa, ƙwayoyin cikin ƙarfen sai su yi ta haɗiye juna suna girma, kuma ƙarfe mai manyan ƙwayoyi gautsi gare shi. Sukarin da na gani ke nan. A cikin duhu, digiri 830 ja ne mai haske da ya fara karkata zuwa ruwan lemo. A hasken rana kuwa ƙarfe mai wannan zafin da ƙyar za ka ga jansa. Duk wanda ya jira ya ga ja sosai da azahar, to ya wuce gona da iri nesa ba kusa ba. Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa rumfar maƙera take da duhu ba, na ɗauka hayaƙi ne kawai ya mai da ta haka. Ashe inuwar ma kayan aiki ce.

Sai ruwan. Sa'ad da ƙarfe ke ɗaurewa yana ɗan kumbura. Bakin wuƙa siriri ne, shi ke riga sanyi ya ɗaure ya kumbura, alhali baya mai kauri yana nan da zafinsa. In bayan ya zo nasa ɗaurin, sai ya ja bakin da ya riga ya sandare, wanda ba shi da sauran miƙewa. Ruwan sanyi yana tsananta wannan ja-in-ja. Kuromiyam ɗin da ke cikin sifirin aikinsa ke nan: yana ba ƙarfen damar yin tauri ko da an sanyaya shi a hankali, don haka mai ya ishe shi. Ruwa ya fi ƙarfin bukatarsa.

To me ya sa na Baba ba ya tsagewa a ruwa? Wannan tambayar ta fi damuna, sai da na zauna Asabar guda ban taɓa komai ba, ina kallon hannunsa kaɗai. Ruwansa na cikin tsohuwar kwatarniya kusa da wuta, ya sha tsome-tsome tun safe, ɗumi gare shi. Gatarin da yake tsomawa bakinsa ya ninka na wuƙata kauri. Kuma bakin kaɗai yake sawa, kamar faɗin yatsa, ya ɗan motsa shi, ya cire tun bai huce ba. Nan take ya goga bakin a dutse ya yi fari, ya zuba ido. Zafin da ya rage a jikin gatarin sai ya gangaro zuwa baki, launi ya biyo shi: fari ya koma launin busasshiyar ciyawa, ya koma ruwan zuma, ya nufi shuɗi. Launin da yake so na isa baki, sai ya sake tsomawa ya tsayar da shi. Taurarawa da sassauta gautsi duk a zafi guda, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Maƙeran Nefal ma dabararsu ta yi kama da wannan, da buta suke tsiyaya ruwa a kan bakin kukuri kaɗai su bar bayan da laushinsa. Na yi shekara ina kallon Baba yana wannan, rabin farko kawai na gani.

Sirantar bakin da na yi ita ta ba tsagar ƙofa. Da na duba da kyau, kowace ɗaya cikin ukun ta taso ne daga wani zurfaffen sawun magagari da ya ratsa baki a tsaye. Masu wannan sana'a suna barin kaurin kusan milimita 1 a baki kafin tsomawa, su goge sawun da samfefa ta bin tsawon wuƙa.

Akwai abu guda da na yi fatan in samu don in ɗora wa ƙarfen laifi. Tsohon sifirin ya yi shekaru yana lanƙwasa yana miƙewa a ƙarƙashin kaya, yakan ɓoye ƙananan tsaga. Irin wannan tsohuwar tsaga in an karya ƙarfe baƙa take fitowa, saboda tsatsa da wuta sun shige ta. Nawa duka fari fat suke, sabbi. Laifin nawa ne.

Zagaye na biyu

Daga ragowar fallen na yanko wani guntu. Wannan karon bayan na gama duka, na gasa wuƙar har ta ɗan wuce inda maganaɗisu ke daina kama ta, na cire na bar ta ta huce a iska har jan ya ɗauke, sau uku, kowane karo zafin na ɗan gaza na baya. Wannan yana mai da ƙwayoyin ƙarfe ƙanana, yana kuma sauke gajiyar da guduma ta bari. Maganaɗisun daga tsohuwar lasifikar rediyo na ciro shi na ɗaure a waya. Ƙarfe yana daina amsa maganaɗisu a wajen digiri 770, saboda haka in ya saki, saura kaɗan a kai inda ake so. Ga wanda idonsa bai nuna ba, ban san abin da ya fi wannan araha da amfani ba.

Na bar baki da kaurinsa. Na goge har samfefa mai lamba 220. Kafaɗar da ke tsakanin ruwa da ƙota na zagaye ta, ban bar mata kusurwa ba.

Tsomawa bayan magariba muka yi, Baba na zaune a kan turmi. Man gyaɗa na zuba, wajen lita 3, a doguwar gwangwanin ƙarfe mai murfi. Makanikai da yawa za su ce a yi da baƙin mai tunda kyauta ne, amma hayaƙinsa guba ne, ban ga dalilin shaƙarsa don wuƙar da za ta taɓa nama ba. Na gasa wani guntun ƙarfe na jefa a man har ya yi ɗumin da yatsa ke iya jurewa na ɗan lokaci, kusan digiri 50. Mai in ya yi ɗumi yakan tsinke, ya fi zagaya ƙarfe da kwashe zafi. Murfin na ajiye kusa, domin mai na iya kamawa da wuta, kuma rufewa ake yi, ba a zuba masa ruwa.

Na sa wuƙar bayanta a ƙasa, bakin a sama, ina ja ina turawa cikin garwashi don kada tsini ya riga sauran zafi. Na taɓa maganaɗisu, ya kama. Na mayar. Na sake taɓawa, ya saki. Na mayar ina ƙirga numfashi, jan ya ƙara haske kaɗan, ya daidaita daga tsini har kafaɗa babu wani tabo mai duhu.

"Yanzu," in ji Baba.

Na nutsa ta da tsini, a miƙe. Harshen wuta ya ɗan tashi a saman man ya mutu. Na riƙa motsa ta gaba da baya kamar mai yanka, ban kaɗa ta gefe da gefe ba, don kaɗawar gefe ke sa wuƙa ta karkace. Hannuna na jiran ƙis ɗin nan. Shiru.

Da ta huce na goga mata magagari a baki. Ya zame, yana ƙara kamar an goga a kwalba, bai ci komai ba. Baba ya karɓa ya gwada da nasa hannun, ya ce, "Ta sha." Ya ƙara da cewa kada in kuskura in bar ta ta kwana haka, kada kuma ta faɗi ƙasa.

Gaskiyarsa. A wannan hali wuƙa ta fi kowane lokaci tauri, ta kuma fi kowane lokaci gautsi, tana iya tsagewa ita kaɗai a kan tebur. Na wanke man da sabulu, na goge gefe ɗaya ya yi fari, na wuce gida kai tsaye. Na roƙi uwargida aron tandun gas ɗinta. Na binne wuƙar cikin farantin yashi mai tsabta don zafin ya daidaita, tunda wutar gas hawa take tana sauka, na sa ma'aunin zafi a ciki na tsayar a digiri 200. Awa biyu, na cire ta huce, na sake awa biyu. Ta fito da launin busasshiyar ciyawa mai ɗan duhu, irin launin da Baba ke tsayarwa a bakin aska da wuƙa. A jadawalin masana, 5160 da aka yi wa haka yakan tsaya wajen 57 zuwa 59 a ma'aunin Rokwel na taurin ƙarfe, daidai wuƙar aiki: tana riƙe kaifi, kuma dutse na iya cin ta.

Ta ɗan karkace wajen tsini, kamar kaurin ƙumba. Na cinye karkatar wajen gurzawa ta ƙarshe. A nan ma akwai tarko, domin injin guga yana zafafa baki cikin daƙiƙa, in ka ga shuɗi ya bayyana to wurin ya yi laushi, aikin wuta ya lalace. Da hannu tsirara na riƙe ta, in na ji ɗumi in tsoma a ruwa. Ƙarshen kaifin a mawashi na fitar da shi, dare uku bayan isha'i.

Ƙotar da itacen marke na yi, wanda ake ƙotar fartanya da shi. Na tsaga gida biyu, na manna da gam mai haɗi biyu, na sa ƙusoshin farin ƙarfe uku, na fere na goge har ta yi sulɓi, na shafa mai. Kuben wani baduku ya ɗinka mini da fatar sa mai kauri, jimar bagaruwa. Na roƙe shi ya sa wani siririn yanki na fata tsakanin ɓangarorin biyu ta gefen kaifi, don baki ya riƙa kwanciya a kan fata maimakon zare. Ya ce dama haka ake yi wa kuben kirki.

Ranar Sallah da bayanta

Ban yi yanka da ita ba, ta yi gajarta, kuma dabba tana da haƙƙin a gama da ita da doguwar wuƙa mai kaifi a ja ɗaya. Fiɗa na yi. Ta feɗe ragonmu tas ban koma mawashi ba, ƙanena ya karɓa ya feɗe nasa, sai wajen ƙarshe ya ɗan goga ta a bayan fata. Cikin da na yi mata ya yi aikinsa, fatar ta fita babu huda ko ɗaya. Da yamma na duba bakin a hasken fitila: babu ɓantara, babu lanƙwasa, har inda ta yi karo da ƙashin haƙarƙari. Jini da kitse sun bar mata dabbare-dabbaren toka-toka da shuɗi. Ƙarfe mai kabon haka yake, ba tsatsa ba ce, amma in aka bar shi da laima tsatsar na tafe. Na wanke, na busar, na shafa mai, ban mayar da ita kube ba sai washegari.

Ƙotar ce ta ba ni kunya, sau biyu. Na farko a ranar: sulɓin da na yi ta alfahari da shi, da kitse ya shafe hannuna sai ta riƙa zamewa, kuma ban yi mata wani tudu da zai tare yatsa daga gangarawa kan kaifi ba. Allah ya kiyaye ban yanke ba, amma na ji tsoro sau ɗaya. Wuƙar fiɗa tana son ƙota mai ɗan kaushi da gurbin yatsa.

Na biyu sai da hunturu ya kama. Na ciro ta wata safiya, na ji gefen ƙarfe yana cizon tafin hannuna. Itacen ya tsuke ta ko'ina, ƙarfen ya fito kamar kaurin takarda biyu, kawunan ƙusoshi sun taso, wata 'yar tsaga ta buɗe a bayan ƙusa ta ƙarshe. Marken a farkon damina na saye shi, na taɓa na ji a bushe, na yarda. Ciki kuwa da sauran ruwa, iskar hunturu ta zuƙe shi. Ƙarfe ba ya bin itace in ya tsuke.

Na kai wa Baba. Ya shafa gefen da babban yatsa, ya ce shi itacen ƙota ba ya taɓa shi sai ya ga hunturu biyu a rataye. Ya ɗaga kai ya nuna mini saman rumfar, inda wasu baƙaƙen guntaye suke soke cikin azara, hayaƙi ya rine su. Shekara nawa ina shiga wurin ban tambayi ko na mene ne ba.

Na gurje ƙarfen da ya fito ya koma daidai da itace, na cike tsagar da gam, na yi wa ƙotar ƙananan tsage-tsage da magagari don ta kama hannu. Haka za ta yi Sallah mai zuwa. Na sayi guntun kanya biyu da wani marken, na shafe bakunansu da kakin zuma don kada su tsage, na rataye su a kicin. Duk farkon wata ina ɗora su a sikelin uwargida in rubuta nauyin a jikinsu da fensir. Na kanyar har yanzu raguwa yake yi.